Malam Ashafa Mai Kwaɓin Cikon Haƙori

A Dukawuya, in baƙo ya tambayi gidan Ashafa Isyaku sai a tsaya kallon juna. Amma ya ce gidan Likitan Haƙori, nan da nan za a nuna masa lungun, a ce ya bi ta bayan masallaci, ƙofa ta uku. Shi kuwa mai gidan ya fi shekara ashirin yana gyara wa mutane wannan suna bai gaji ba. "Ni ba likita ba ne," haka yake cewa. "Kwaɓi nake yi, likita ya sa."

Gidansu gidan dukanci ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya yi suna wajen rinin fata, ya so ɗan ya gaje shi, amma Ashafa da ya gama firamare sai ya ce shi aikin gwamnati yake so. Abin da ya samu shi ne shara da wanke kayan aiki a sashen haƙori na wani asibiti da ke wajen badala. Shekara biyu yana riƙe da tsintsiya. Ran nan ma'aikaciyar da ke taya likita ba ta zo ba, likitan kuwa, wani dattijon Bamisire mai sanyin murya, ya leƙo ya yafito shi. Ya ce ya daɗe yana lura da yadda yake jera ƙarafa bayan ya wanke, ƙanana gefe, manya gefe, ba tare da an ce ya yi ba. Ya miƙa masa wani gilashi mai kauri da 'yar wuƙa marar kaifi. Daga ranar bai sake shara ba.

A wurin wannan dattijo ya koyi abin da ya riƙe shi har tsufa. In haƙori ya yi kogo, likita yakan rarake ruɓaɓɓen wurin da inji, sannan a cike ramin. Cikon wancan zamani na ƙarfe ne, garin azurfa ake murzawa da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi, a ɗan ƙaramin turmi har ya haɗe. To ƙarfe kuwa ba ya rufa wa zafi ko sanyi asiri, yana jin su yake kai wa jijiyar haƙori. Shi ya sa in rami ya yi zurfi, dole a fara yi masa shimfiɗa a ƙasa kafin a ɗora ƙarfen. Wannan shimfiɗa ita ce aikin Ashafa. Wani farin gari ne ake haɗawa da man kanumfari a kan gilashi, ana jawo garin kaɗan-kaɗan ana murzawa, kada ya yi ruwa kamar koko, kada kuma ya yi tauri kamar tuwon jiya. Da bazara, in Kano ta ɗau zafi, kwaɓin yakan daskare kafin a kai shi baki. Shi ya gano dabarar ajiye gilashin a gindin randa tun da safe, in za a yi aiki ya ɗauko shi da sanyinsa ya goge tas.

Ƙamshin kanumfari ya kama shi har ba ya fita da wanki. Matarsa Luba takan ce tana gane shigowarsa tun yana zaure. A sahun salla ma, wanda ya tsaya kusa da shi ba sai ya waiwaya ba.

Bamisiren ya koma ƙasarsu, likitoci suka zo suka tafi, Ashafa yana nan gaban gilashinsa. Sai aka shiga shekarun nan na mulkin soja da komai ya yi wuya. Kayan aikin da a da ake kawowa duk wata uku sai a shekara ba a gan su ba. A lokacin likita ɗaya ya rage a sashen, Dokta Tanko, mutumin da ba mugu ba ne, sai dai gajiya ta cinye shi. Kullum mutum hamsin ko sittin ne a kan benci, kowa ya tallabe kumatu.

A wannan tsakani ne ciwon haƙori ya kama Hajiya 'Yardada, gwaggon Luba, wadda duk Yakasai aka sani da girkin biki. Ta gwada duk abin da aka ce mata: ta cusa kanumfari, ta sa garin taba, har wata ta ba ta shawarar ruwan batir, Allah ya sa ba ta ɗauka ba. Ta rantse ba za ta je asibiti a fizge mata turmin haƙori ba. Ashafa ne da kansa ya je har gida, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta.

"Gwaggo, ba cirewa za a yi ba. Cikewa za a yi, ki ci gaba da taunawa kamar da."

"Kai za ka yi mini, Malam?"

"Likita ne zai yi, amma ina tsaye a kanki."

"To in dai kana tsaye, na yarda."

Ranar da ta zo, kwalbar man kanumfari ta kwana takwas da ƙarewa, garin ma ko na ɗanɗano babu. Dokta Tanko ya rarake haƙorin, Ashafa ya leƙa ya ga ramin ya yi zurfi ƙwarai, har ana hango ɗan ja-ja a ƙasansa. Likita ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kwaɓo azurfa." Ashafa ya san abin da ya kamata ya faɗa. Ya buɗe baki, sai ya ji hayaniyar masu jira a waje, ya dubi fuskar likita da gumi ya jiƙe, ya tuna shi fa da tsintsiya ya fara. Ya juya ya kwaɓo. Aka danna ƙarfe a kan rami tsirara, Hajiya ta tashi tana ta sa masa albarka.

Kwana huɗu bayan haka tana girkin wani biki a Gwammaja, ta ɗebo miyar taushe da zafinta za ta ɗanɗana gishiri, sai ludayi ya suɓuce daga hannunta. Waɗanda ke wurin sun ce durƙushewa ta yi tana salati. Daga nan ba zafi ba sanyi, komai ta kai baki sai ta ji kamar an soka mata allura har cikin kunne. Ta koma girki ba ɗanɗanawa, mutane suka fara cewa hannun Hajiya ya sauya. Bayan wata biyar kumatun ya haye, aka cire haƙorin da ya yi mata alkawarin ba za a cire ba. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, cewa take yi ƙaddara ce.

Wannan haƙurin nata shi ya fi damun sa. Sai da aka kusa shekara sannan ya iya zuwa ya faɗa mata abin da ya faru, kansa a sunkuye. Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga shinkafar da ke kan faifanta.

"Da ka ce mini babu kayan, Malam, ai da na koma gida na jira. Ni da na yi wata uku da ciwon, me sati biyu zai yi mini?" Ta hure ƙaiƙayi. "Na yafe maka duniya da lahira. Amma ni ba likitan na sani ba, kai na sani."

Tun daga ranar ya shiga neman farin garin da man kanumfari da kansa a wurin masu kemis na Sabon Gari, yana ajiyewa a wani gwangwani cikin aljihun rigar aikinsa. Wata rana nasa ma ya ƙare, aka sake samun rami mai zurfi, Dokta Tanko ya ce a kwaɓo azurfa. Ashafa ya ce, a gaban marar lafiyar, "Dokta, ka yi haƙuri, ba zan kwaɓa ba sai an samu shimfiɗa." Ba a yi sati ba takarda ta fito, aka mayar da shi ɗakin kati. Shekara huɗu yana rubuta suna da unguwa yana miƙawa ta taga, gilashinsa yana naɗe da tsumma a cikin durowa.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangayen birni ba aka turo masu fenti asibitin. Aka kawo sabuwar kujera da kwalaye. Dokta Tanko ya samu canjin wurin aiki, aka turo wata matashiya, Dokta Ikram, wadda ta yi karatunta a kudu. A makonninta na farko, duk lokacin da ta cire tsohon cikon da ya tsage a bakin wani dattijo, sai ta tarar da shimfiɗar ƙasa tana nan daram, wata ta shekara goma sha biyar, wata ashirin. Ta tambaya waye yake kwaɓawa a da. Aka nuna mata tagar kati.

"Baba, an ce kai ne mai wannan hannun," in ji ta. "Me kake yi a nan?"

"Aikin da aka ba ni, Dokta."

"To ni ina so ka dawo ciki."

Ya dawo ya tarar duniya ta yi gaba ba ta jira shi ba. Yanzu akwai farin ciko mai kalar haƙori, a cikin wani abu kamar sirinji yake zuwa, a matsa shi a rami, a haska masa wata fitila mai shuɗin haske, nan take ya zama dutse. Shi ma yana da tasa shimfiɗar, sabuwa, a 'yan kwalabe biyu. Ashafa ya buɗe ya sansana, bai ji komai ba. Ya kwaɓa, ya ga ta yi wani yauƙi da bai saba ba. A ransa ya ce abin da ba a gwada shi shekara ashirin a bakin mutane ba, ba zai ɗora shi a kan jijiyar kowa ba.

Jama'a kuwa sun ji an kawo kaya, sai suka yi ta tururuwa. Da abin ya yi yawa, Dokta Ikram ta tsara aiki kujera biyu: ta rarake rami ta wuce ɗaya kujerar, shi ya sa shimfiɗa, ta dawo ta ɗora farin ciko. Ta nuna masa sabbin kwalaben ta ce da su zai yi. Ya ce to. Amma duk ramin da ya ga ya yi zurfi, sai ya zaro gwangwaninsa ya sa ta kanumfari. Launinsu kusan ɗaya ne, ɗakin kuma da ma ƙamshin ya riga ya kama shi. Bai ɗauki abin ha'inci ba. Gani yake yi yana kare mutane, kuma yana rufa wa yarinya asiri ba tare da ya kunyata ta ba.

Ba a yi wata biyu ba wani malamin makarantar sakandare, Malam Maharazu, ya dawo da cikonsa a ƙunshe cikin takarda. Ya ce gurasa kawai yake ci ya ji abu a harshensa. Bayansa wata mata ta zo, sannan wani tela. Dokta Ikram ta rasa sukuni. Ta duba fitilar, ta duba kwanan watan da ke jikin kwalaye. Ran wata Alhamis bayan an tashi, ta zauna da takarda da biro, shi kuma yana wanke ƙarafa a bakin famfo.

"Baba, ina jin jabun kaya aka kawo mana. Zan rubuta a zo a kwashe." Ta yi tsaki. "Ko kuwa hannuna ne? Abu ɗaya na sani da ke hana farin ciko kamawa, shi ne man kanumfari. Ko ɗigo ya taɓa shi, ƙasan ba ya daskarewa. To mu kuma ba mu sa shi a ƙarƙashi."

Ruwa ya ci gaba da zuba a kan hannunsa. Ya ce, "Allah ya kyauta, Dokta," ya rufe famfo, ya ɗau kekensa.

Bai hau ba, turawa ya yi har Dukawuya. Bayan la'asar yana zaune a tsakar gida, abincinsa a rufe, Luba ta zo ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, lafiya? Ko mutuwa aka yi?"

Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata. Ya ce in ya yi shiru, za a kwashe kayan a ce jabu ne, shi kuma ya daina abin da yake yi, ba mai sani sai Allah. In ya faɗa, ƙila wannan karon ba ɗakin kati ba ne, gida za a turo shi.

"Mutum nawa ka sa wa?"

"Ban ƙirga ba. Sun fi goma."

"Su fa? In an kwashe kwalaye, abin da ke bakinsu ya gyaru ke nan?"



"Wancan karon babu ce ta sa, kuma umarni aka ba ka," in ji Luba. "Wannan kai ka ga dama. Ni dai ban ga abin shawara a nan ba. Ci abincinka kada ya huce."

Da safe ya riga kowa zuwa. Dokta Ikram tana shigowa ya ajiye gwangwanin a kan teburinta, ya tsaya hannu a baya kamar ɗan makaranta, ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe. Ta ɗauki gwangwanin ta buɗe, ta rufe. Fuskarta ta sauya.

"Baba, sati uku ina zargin kaina. Saura kaɗan in sa hannu a takardar da za ta ɓata sunan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Girman kai, Dokta. Na ga na girme ki a aikin."

Ta fita ta bar shi a tsaye. Ya ji takunta har ƙarshen baranda, ta daɗe, sannan ta dawo.

"Ni ma da nawa. Na ce ka sa wannan, ban gaya maka dalili ba, kuma na ɗora ciko ban duba abin da ke ƙasa ba. Dole ne in rubuta abin da ya faru, da sunana da naka. Amma yanzu ta yaya za mu samo mutanen?"

Nan ne zaman ɗakin kati ya yi rana. Ashafa ya san yadda aka jera kowane kati, ya kuma tuna kowane baki da ya leƙa. Kafin azahar ya fito da kati goma sha ɗaya. Takardar gargaɗi ta zo masa bayan sati biyu, ya karɓa ya sa hannu. Kafin nan ya riga ya fara bin mutanen. Kullum in an tashi sai ya hau keke ya shiga lunguna, Yakasai, Gwammaja, gindin Dala, cikin taɓon damina, ya yi sallama a ƙofar gida. Dokta ta ce ya isa ya ce likita na neman su. Shi kuwa ga kowa sai ya faɗi cewa kuskurensa ne. Wata mata ta zazzage shi tas ta bayan labule, ya tsaya ya saurara har ta gama. Malam Maharazu kuwa dariya ya yi ya ce, "Malam, shekara goma sha takwas ina koyarwa da tsohon littafi, bana aka ce mini rabin abin da ke ciki an sauya. Shigo ka sha ruwa."

Mutum goma suka dawo, aka cire aka sake. A wajen sakewar ne ya koyi sabuwar shimfiɗa, Dokta Ikram tana tsaye tana cewa ƙara gari, rage, yi sauri. Gemu ba ya hana ilimi, amma hannun da ya saba da abu ɗaya ba ya juyawa a kwana ɗaya. Ya ɓata kwaɓi ya fi ashirin kafin ta gyaɗa kai.

Na goma sha ɗayan wani ɗan dako ne mai suna Ɗanjuma, magidanci, wanda a katinsa aka rubuta Kasuwar Kurmi kawai. Abokan aikinsa suka ce ya tafi gida noma, wani ƙauye bayan Gezawa. Ran Asabar Ashafa ya shiga mota, ya sauka a bakin titi, ya taka ƙafa kusan awa guda tsakanin gonakin gero. Ya same shi yana maimai. Ɗanjuma ya jingina da fartanya yana saurare, da ya gama sai ya buɗe baki ya nuna masa gurbi. Cikon ya fita tun farkon damina, ciwo ya dawo, ran kasuwa ya je wurin wani mai cire haƙori ya fizge shi da filaya.

"Don wannan ka taso tun daga birni, Malam?"

"Don shi."

"Ikon Allah. To ai ya wuce." Sannan ya ce, "Amma da ka zo da wuri da na ji daɗi. A wannan gefen nake taunawa."

Ashafa ya nemi gafara, Ɗanjuma ya ce ba komai. Ya hana shi tafiya sai da matarsa ta dama fura suka sha a gindin ɗorawa, ya kuma raka shi har bakin hanya.

Ya ƙara shekara takwas a sashen kafin ya yi ritaya. Shimfiɗar kanumfari ba a yar da ita ba, ana sa ta inda ta dace, a cikon wucin gadi da ƙarƙashin ƙarfe, kuma har ya bar aiki ba a samu wanda ya kai shi iya kwaɓa ta ba. Sababbin ma'aikatan da aka riƙa turowa koyon aiki sun ce mutum ne mai yawan tambaya. Duk kwalin da aka kawo, ba ya bari a buɗe kwalba sai an karanta masa takardar da ke ciki, daga sama har ƙasa, da ƙananan rubutun da idonsa ya daina gani. In mai karatun ya yi tsallake yakan gane, ya ce a koma baya.

Yanzu yana gida. Ƙafa ta yi nauyi, keken ma ya bayar. Da hantsi yakan fito zauren ƙaninsa da ya riƙe dukancin gidan, ya zauna yana taya shi zaɓen fata, su yi ta hirar mutanen da suka rasu.